Tsoffin Fijo a ƙasar Waca: inji yana da magani, gangar jiki ce matsala

Duk wanda ya san hanyoyin kudancin Damagaram kafin shekara ta 2000, ya san Peugeot 404 da ƙanwarta 504, waɗanda jama'a ke kira Fijo, musamman mai buɗaɗɗen bayan nan da aka fi sani da bashe. Ita ce ta yi ta jigilar rake da kayan lambu daga fadamun Waca zuwa birnin Zinder, ita ce kuma ta riƙa kai fatake Dungas, daga can su zarce kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, a ƙetaren iyaka. A yau motocin Japan da babura sun karɓe mata aiki, waɗanda suka rage ƙalilan ne, wasu na tafiya da ƙyar, wasu kuma na jingine a bayan gida, kaji na ƙwai a cikinsu. Sai dai akwai masu niyyar tayar da su, ko don neman abinci, ko don mota ce ta gado da ba a son rabuwa da ita. Da zarar sun soma aikin sukan tarar cewa injin ba shi da wuyar tashi, wahalar tana ga samun ƙofa da kapo da kafaɗar da ke rufe taya.

Yadda Fijo ta zama ƴar gida

An fito da 404 a Faransa a 1960, aka bi ta da 504 a 1968, wadda ta lashe kambin motar shekara a Turai a 1969. Hanyoyi biyu suka shigo da su wannan yanki. Ta farko ita ce hamada: a shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa sun riƙa tuƙo tsoffin Fijo ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit, su sayar da su a Agadas ko su gangaro kudu, har zuwa farkon shekarun 1990, lokacin da tawaye a arewa da rikicin Aljeriya suka toshe hanyar. Ta biyu ita ce Kaduna, inda masana'antar PAN ta soma harhaɗa Fijo a 1975, ta kuma ci gaba da fitar da 504 har bayan shekara ta 2000, shekaru da dama bayan Faransa ta daina. Da yake Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun watan Afrilu na 1972, motar Kaduna da ta Nijar sitiyarinsu ɓangare ɗaya yake, saboda haka kayan wannan galibi yana shiga jikin waccan.

Wannan ne ya sa, lokacin da aka karya darajar sefa a watan Janairu na 1994, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa sefa 100, kuma farashin sabbin kayan da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabi, masu motocin Magariya da Waca da Dungas suka ƙara karkata ga kasuwannin Kano.

Abin da ke cin ƙarfe

Ana cewa busasshiyar ƙasa ba ta ruɓar da mota, kuma akwai gaskiya a ciki: jikin da ya shekara arba'in a Sahel yakan fi na Turai lafiya, domin a can gishiri suke zubawa a kan titi lokacin sanyi. Amma motar ƙauye tana da nata cututtukan. Ƙarfen jikin mota, wanda ake kira tol, kaurinsa bai cika wuce milimita ɗaya ba. Yashi yana taruwa a gindin ƙofa da cikin kafaɗa, ya toshe ƴan ramukan da aka yi don ruwa ya fita, damina na zuwa ya jiƙe, tsatsa ta soma ci daga ciki, ba a ganinta sai fenti ya kumbura. Fitsarin dabbobi da buhunan kanwa da na takin zamani suna cinye ƙasan bodi. Hanya mai gargada da lodin da ya wuce ƙima kuwa suna tsaga ƙarfe a wajen maɗaurin ƙofa da inda aka ɗaure sifirin.

Mafita uku

Mai neman ƙofa ko kafaɗa yana da hanyoyi uku. Ta farko, wadda masu sana'ar suka fi yarda da ita, ita ce gawar wata motar. Ƙarfen da ya fito daga masana'anta ya fi kowane dacewa, kuma gaban bashe da na ƙaramar motar gida galibi ƙirarsu ɗaya ce, don haka mota ɗaya da ta mutu tana iya rayar da biyu ko uku.

Ta biyu ita ce kasuwa: Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai ga wanda nisa bai dame shi ba. A nan sai an buɗe ido. Akwai kafaɗun da ba na asali ba, masu siririn ƙarfe, waɗanda ramukan kusoshinsu ba sa haɗuwa da na mota. Akwai kuma tsohuwar ƙofa da aka cike da mastik aka shafe da fenti, tana ƙyalli kamar amarya. Gwajin ba shi da tsada: maganaɗisu ba ya kama wurin da mastik ya yi kauri, kuma in an ƙwanƙwasa da yatsa, ƙarfe mai lafiya yana amsawa, wanda aka cike kuwa sai ya yi gum. Mai hankali yakan tafi da tsohuwar kafaɗarsa ya gwada, domin an sauya ƙirar fitila da hancin mota daga wani zubi zuwa wani. Wannan hanya tana da wani rauni: duk ranar da aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma daga tsakiyar 2023 zuwa Maris 2024, aiki yakan tsaya ko farashi ya ninka.

Ta uku ita ce guduma. Maƙerin jikin mota, wanda ake kira toliye, yakan yanke inda ya ruɓe har sai ya tarar da farin ƙarfe, ya zana siffar ramin a kwali, ya yanko tol daga rufin wata matacciyar mota ko daga tano, ya lanƙwasa shi a hankali bisa kututture ko guntun ƙarfen jirgi, sa'an nan ya liƙa da wutar karbir. Gwaninta tana ga sarrafa zafi. Idan aka ja walda a tafi ɗaya, tol yakan murɗe ya yi tudu da kwari. Gwani yana ɗiga ta ne nan da can, yana barin wuri ya huce, yana bi da guduma. Daga nan a kankare, a shafa maganin tsatsa ciki da waje, mastik kuwa ɗan kaɗan, don share tabo kawai. Wanda ya liƙa sabon tol bisa tsohuwar tsatsa ya rufe kura da fatar akuya, kafin damina biyu aikin ya tonu.

Tsohuwar Land Rover, wadda ta riga Fijo shiga yashin wannan ƙasa, nata sha'anin dabam ne: jikinta na alminiyom ne, ba ya tsatsa, amma yana da wuyar walda, kuma masu zubin tukwane sun daɗe da narkar da da yawa daga cikinsu.

Sikelin ƴan gwangwan

A Turai waɗannan motoci sun zama kayan tarihi. Ƙungiyar L'Aventure Peugeot, mai gidan tarihi a garin Sochaux tun 1988, tana sake samar da wasu kayayyakinsu, sai dai da kuɗin yuro, wanda ɗayansa ya kai sefa 656, ban da kuɗin jigila da na duwan. Wannan ya fi ƙarfin manomin rake. Ga shi kuma rumbun da yake dogaro da shi yana ƙarewa: masu sayen tsohon ƙarfe suna bin ƙauyuka da sikeli, suna sayen gawar mota da kilo, a daddatsa ta a kai masana'antun narka ƙarfe. Ƙofar da za ta iya shekara ashirin tana aiki sai ta tafi a kuɗin kwanon gero kaɗan, kuma tunda masana'anta ta daina buga irinta, abin da aka narkar ya tafi ke nan.

Ba a cewa mai gawar mota kada ya sayar, domin talauci ba ya jiran tarihi. Shawarar ita ce, kafin a ɗora ta a sikeli, a kwance ƙofofi da kapo da kafaɗu da gilasai, a jingine su a inuwa bisa itace, nesa da danshin ƙasa, domin kowane ɗaya ya fi nauyinsa daraja. Haka kuma cibiyoyin koyar da sana'a na gundumomin Magariya da Dungas za su yi abin kirki idan suka nemi tsofaffin toliye su koyar da yara tun suna da sauran ƙarfin riƙe guduma, kasancewar samarin yau sun fi sanin cire tsoho a ɗaura sabo. Hannun da ya iya fitar da kafaɗar 404 daga falle ɗaya na tol ba zai rasa aiki ba ko bayan Fijo ta ƙarshe ta kwanta, domin amalanke da injin ban ruwa da motocin yau duk suna jiransa.