Tailan: inda ake biyan kuɗi a kama kifi, a mayar da shi ruwa

Kowa ya san masunci. Mutum ne mai shiga ruwa don tukunya ko don kasuwa. Ranar da ya kama babban giwan ruwa, gidansa kamar ranar salla. To, akwai ƙasar da mutum ke biyan kuɗinsa, ya wuni cikin rana yana kokawa da kifin da ya fi shi nauyi. In ya ci galabarsa kuma, sai ya sake shi ya koma ruwa. Ko ƙaya ɗaya ba ya kai wa iyalinsa.

Sunan ƙasar Tailan. Tana nahiyar Asiya, can gabas da Indiya. Babban birninta Bankok. Ƙasa ce ta ruwa da shinkafa.

Tabki mai mai shi

Tabkunan da muke magana ba na kowa da kowa ba ne. Mutum ne ke gina nasa, ko ya sayi ramin da aka ɗebi ƙasa ruwa ya cika shi. Sai ya kewaye shi, ya sayo ƙananan kifaye ya zuba, ya yi ta ba su abinci shekara da shekaru har su zama ƙatti. Sa'an nan ya buɗe ƙofa. Mai son kamu ya biya kuɗin wuni. In ba shi da sandar fatsa ya yi haya. In bai iya ba ya ɗauki yaron da zai nuna masa. Ga rumfuna a kan ruwa, ga masu sayar da abinci. Wanda ya fi suna a Bankok shi ne Bungsamran, ya fi shekara 30 yana aiki. Akwai wasu a kudancin ƙasar, wajen Karabi. Baƙi na zuwa daga Ingila, da Japan, da wasu ƙasashe.

Ku duba dabarar mai tabki. Masunci sau ɗaya yake sayar da kifinsa. Shi kuwa wanga mutum, kifi ɗaya yana kawo masa kuɗi yau, ya kawo masa wata mai zuwa, ya kawo masa baɗi. Kamar mai saniyar tatsa ne, ba mahauci ba. Shi ya sa ba ya yarda a yi wa kifinsa rauni.

Kifayen da ke ciki

Na farko shi ne babban kifin kogin Mekon. Ɗan ƙasar ne, dangin tarwaɗa, ba shi da ɓawo a jiki. In ya girma ba shi da haƙori, gansakuka da ciyawar ruwa yake ci. A shekarar 2005 masunta sun kama wani cikin kogin, a arewacin Tailan. Nauyinsa kilo 293, kusan buhu uku na gero. Tsawonsa metir 2 da santimetir 70. Amma irinsa ya kusa ƙarewa a kogi. Su ya yi yawa, madatsun ruwa kuma sun tare masa hanyar zuwa inda yake zuba ƙwai. Tun 1983 ma'aikatan kifi na ƙasar suka gano yadda za a ƙyanƙyashe shi da hannu. Ga abin mamaki: kifin da tsohon masunci kan shekara bai gani ba a kogi, ya cika tabkunan haya na birni.

Akwai kuma wani ɗan ƙasar, mai manyan ɓawo da ƙaton kai. A 2019 wani mutumin Ingila ya kama irinsa mai kilo 105 a ɗaya daga cikin tabkunan nan. Sai da suka yi minti 80 suna ja-in-ja.

Amma wanda baƙi suka fi nema ba ɗan ƙasar ba ne. Sunansa arafaima. Daga kogin Amazon aka kawo shi, a Amurka ta Kudu, ƙasashen Barazil da Feru. Yana iya kai metir 3, nauyinsa ya kai kilo 200. Wajen wutsiyarsa ja ne kamar an shafa lalle. Wanda ya san bargi, wanda wasu ke kira balli, ya san kamanninsa. Masana sun ce duk duniya ba shi da ɗan uwan da ya fi bargi kusa. Halinsu ma ɗaya. Suna yin sheƙa, suna gadin ƴaƴansu, suna kuma leƙowa sama su sha iska. Arafaima ba ya wuce kamar minti 20 bai leƙo ba. In aka danne shi cikin ruwa sai ya mutu. Kifi ke nan da ruwa ke iya ci!

Yadda ake kamun

Sandar fatsarsu mai ƙarfi ce, tana lanƙwasa ba ta karyewa. A gindinta akwai ɗan keke mai naɗe zare. Don kifin Mekon, ana kwaɓa dusar shinkafa da burodi, a dunƙula kamar curin fura, a ɓoye ƙugiya kusa da shi, a jefa. Curin na narkewa a hankali. Kifi ya zo yana zuƙa, sai ya haɗa da ƙugiyar. Arafaima kuwa maci nama ne, sai a sa masa mataccen kifi.

Da ƙaton kifi ya ji ƙugiya sai ya zabura. A nan gwani ke bambanta da ɗan koyo. Ɗan koyo yakan ja da ƙarfin tsiya, zare ya tsinke. Gwani yakan sakar masa zare ya yi gudunsa, in ya tsaya ya naɗe kaɗan, in ya sake zabura ya sake sakar masa. Haka za a yi ta yi har kifin ya gaji. Mai rijiya da ya taɓa jan wasaki da rana tsaka zai gane abin da kafaɗa da baya ke ji. Ga ƙasar da zafi da gumi. Mai kamu dole ya riƙa shan ruwa, ya rufe kansa.

In kifin ya gaji aka jawo shi baki, wani aiki ne sabo. A tabkunan da ke da kula, ba a fitar da babban kifi tudu. Ruwa ne ke ɗauke da nauyinsa. In aka ɗaga shi ko aka yar da shi a ƙasa, kayan cikinsa na iya lalacewa. Saboda haka mutum ne ke shiga ruwa ya same shi. Ana amfani da ƙugiya marar ƙaya don a zare ta ba tare da yaga baki ba. A shafa wa wurin magani. A ɗauki hoto da sauri. Arafaima kuma sai an bar shi ya ɗaga kai ya sha iska kafin a sake shi. Ana kuma nisantar kansa, don ƙashi ne zalla. In ya kaɗa shi ya sami mutum a ƙirji, yana iya karya masa haƙarƙari.

A ganina wannan ba su ba ne, wasan masu hali ne. Kifin da aka kiwata, aka tsare shi wuri ɗaya, aka saba masa da dusa, kama shi bai kai aikin mai koma da ya kwana cikin gulbi ba. Kuma kome kula, kifin yana wahala, wasu na mutuwa. Sai dai ba za a musa ba, wasan yana ciyar da mutane da yawa: masu ƙyanƙyasa, masu dusa, yaran tabki, mata masu abinci.

Ranar da ruwa ya ƙetare gaɓa

Inda maganar take da nauyi shi ne nan. Tabki yana tsare kifi ne muddin ruwa bai fi ƙarfinsa ba. A 2011 an yi babbar ambaliya a Tailan. Mutum sama da 800 suka rasu, ruwa ya shiga har unguwannin Bankok. Kadoji ma sun tsere daga gidajen da ake kiwonsu. Inda kada ya sami hanya, kifi ba ya tsayawa.

Me ke faruwa in baƙon kifi ya shiga kogin da ba nasa ba? Arafaima da kansa ya nuna. A da babu shi a kogunan ƙasar Bolibiya. A shekarun 1970 ambaliya ta fasa wani wurin kiwonsa a Feru, maƙwabciyarta. Ya bi ruwa ya ƙetare iyaka. Ya yaɗu a arewacin Bolibiya. Wasu masunta sun sami kasuwa da namansa. Wasu kuwa suna kuka, sun ce kifayen da suka gada sun ragu. Babu wanda ya iya fitar da shi kuma.

Ita Tailan ɗin, baƙin kifaye daga Afirka sun yi mata rana, sun kuma yi mata dare. A 1965 yariman Japan, Akihito, ya ba sarkin Tailan kyautar karfasa 50, irin wadda muke da ita a kogin Kwara. Sarki ya kiwata su a gidansa, aka raba wa manoma. Ta zama abincin talaka a duk ƙasar. A shekarun 1980 an kai musu tarwaɗarmu. Suka haɗa ta da tasu, suka sami iri mai saurin girma.

Amma a 2010 an shigo da wata karfasa mai baƙin haɓa daga Gana, guda 2000, don gwaji. Ita ba don wasan fatsa aka kawo ta ba. An yi ta gardama a kan yadda ta fita waje. Abin da kowa ya gani shi ne ta cika magudanai da tabkunan manoma na bakin teku. Tana rayuwa a ruwan daɗi, tana rayuwa a mai gishiri. Namijin yana ɓoye ƙwai cikin bakinsa har su ƙyanƙyashe, shi ya sa ƴaƴanta ba sa asara. Ta cinye ƙananan kifaye da jatan lande, ɗan ƙwaron ruwan da manoman wurin ke kiwo su sayar. Mutum ya yashe tabkinsa don girbi, ya tarar da baƙuwa kaɗai. A 2018 gwamnati ta hana shigo da ita da kiwonta. A 2024 har saye take yi daga hannun masunta, kilo ɗaya kuɗin ƙasar 15, wajen dala 50 ke nan na sefa, don kawai a rage ta. Wannan kifin bai wuce tafin hannu da kaɗan ba.

Mu ma muna zuba kifi a tabkuna, kamar na Madarunfa, da Tabalak, da Gidimuni. Tarwaɗa ce, da karfasa, da giwan ruwa, duk ƴan ruwanmu. Amma da damina tabkunanmu suna haɗuwa da gulbi, mun kuwa ga yadda ruwa ya yi a 2024. Saboda haka duk ƙungiyar da aka kawo wa ƴaƴan kifin da ba ta sani ba, komai arharsu, komai girman da aka ce suna yi, kada ta zuba. Ta fara kai su ga ma'aikatan ruwa da gandun daji su duba. Ko giwan ruwa ma ba a zuba shi ƙaramin tabki sai da shawararsu, don kifi yake ci. A shekarun 1950 an zuba shi tabkin Biktoriya, a Afirka ta Gabas, inda a da babu shi. Bayan shekara 30 ya mamaye tabkin, irin ƙananan kifaye wajen 200 suka ɓace.