Wa Zai Fassara Kukan Dajin Rugu?

A watan Mayun 2025 aka sanar a Landan cewa Banu Mushtaq, wata lauya daga jihar Karnataka ta Indiya, ta lashe gasar Booker ta Duniya da littafinta Heart Lamp. Gajerun labarai ne 12 a kan rayuwar matan Musulmi. Da harshen Kannada ta rubuta su, Deepa Bhasthi ta mayar da su Turanci, suka raba fam 50,000 daidai wa daida.

Da na kawo zancen a aji, wata ɗalibata ’yar Safana ta ce: “Malam, mu kuma wa zai ba da labarinmu?” Na rasa amsa, ga shi kuwa Batsari aka yanke mini cibiya.

Duniya ta san garuruwan bakin dajin Rugu, amma da lissafin gawa ta san su. Da aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar a Fabrairun 2020, jaridu sun buga adadi suka wuce. Adadi ba ya faɗin halin uwar da ta sayar da akuyarta ta ƙarshe don haɗa kuɗin fansa, ko manomin da ke hangen gonarsa a Runka amma ba halin zuwa. Wannan aikin adabi ne.

Fassara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Katsina. Abubakar Imam, wanda ya koyar a Midil ta Katsina, ya ɗebo labaran Larabawa da Indiyawa da Turawa ya sa musu rigar Hausa a Magana Jari Ce. Bala Abdullahi Funtuwa ya ba mu Gandun Dabbobi daga littafin George Orwell. Mun iya karɓa. Bayarwa ce ta yi mana wuya. Ko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda Aliyu Kamal ya fassara, sai a Indiya aka buga shi a 2012.

Saboda haka ina kira ga malaman Hausa da na Turanci a Jami’ar Umaru Musa ’Yar’aduwa da Jami’ar Tarayya ta Dutsinma: mu zauna inuwa ɗaya, mu horar da matasa masu fassarar adabi, mu riƙa lissafa fassara a matsayin aikin ilimi wajen ƙarin girma. Ku kuma matasan Batsari da Safana, ku rubuta da Hausar da kuka sha a nono. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aikin mai fassara shi ne ya sa maƙwabta na nesa su ji ɗigar ruwan.