Ɗan Makaho a Ajin Kowa: Labarin da Ba a Kawowa Daga Jazira

Sudan ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin nakasassu a 2009, ta kuma yi dokarta ta nakasassu a 2017. Abin da yarjejeniyar ta tanada shi ne yaro makaho ko kurma ko gurgu ya yi karatu a makarantar garinsu, tare da sa'o'insa. To amma a rediyo da talabijin, ranar 3 ga Disamba, wato ranar nakasassu ta duniya, ita ce ranarsu: a nuna babban jami'i yana miƙa keken guragu, a tafa, sai kuma baɗi. Kafin yaƙin 2023, in an tashi neman ɗalibi, Khartoum ake nufa, musamman makarantar makafi ta Al-Nur da ke Bahri. Ko dai a nuna yaron abin tausayi, ko a mai da shi abin al'ajabi.

Da 'yan jarida za su gangaro ƙauyukan Hausawa na Jazira, ko Mai Wurno, garin da Muhammadu Bello ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa a bakin Shuɗin Nilu bayan yaƙin Burmi na 1903, da sun tarar haɗa yara ba baƙon abu ba ne. A halwa, wato makarantar allo, makaho yana zama tabarma ɗaya da masu ido, a biya masa ya riƙe da ka, wani lokaci ya riga su sauka. Makarantar gwamnati ce take tsayar da shi a ƙofa, don a can komai a allon bango yake, littafin Braille kuwa sai labari. Kurma ya fi shan wuya: yana aji, malamin bai iya maganar hannu ba. Gurgu kuma damina ce abokiyar gabarsa. Baƙar lakar Jazira, wadda auduga ke so, in ta sha ruwa ko jaki da ƙyar yake fita, balle keke. Ga masai mai ƙunci, wanda shi kaɗai ya isa ya zaunar da yarinya a gida.

Yaƙi ya ƙara dagula lissafi. Rikicin 2022 a jihar Shuɗin Nilu ya raba Hausawa da yawa da gidajensu, sannan yaƙin Afrilun 2023 tsakanin soja da dakarun RSF ya biyo baya. Wad Madani, babban birnin Jazira, ta faɗa hannun RSF a Disambar shekarar, soja suka ƙwato ta a Janairun 2025. Makarantu sun zama masaukin 'yan gudun hijira, harsashi kuma ya ƙara yawan nakasassu.

A ganina yanzu ne tambaya take da amfani, tun siminti bai bushe ba. Ajin da ake gyarawa, an yi masa gangare ko matakala? Malamai nawa aka koya wa maganar kurame? Sassan Hausa na BBC da DW da RFI suna da masu saurare a waɗannan ƙauyuka, uwar yaron ma da Hausa za ta ba su amsa.