Tsakanin Yaji da Khul'i: Haƙƙin Matar da Ake Cuta a Ƙasar Ƙonni

Duk wanda ya san zaman karkara daga Alela zuwa Birnin Ƙonni, ko daga Malbaza zuwa Illela, ya san cewa idan duka da yunwa suka ishi mace a ɗakin mijinta, abin da al'ada ta tanadar mata shi ne yaji, ta tafi gidan ubanta, a bar ta ta huce, sa'an nan dangin miji su zo biko da goro da tattausan lafazi, uwa ta ce, “Ɗiyata, yi haƙuri, mu ma haka muka zauna,” a mai da ita inda ta fito, alhali kuwa ba a taɓa musabbabin fitowar ba. Idan ta dage sai an raba, kalma guda ake jefa mata: ta fanshi kanta, ta biya sadaki, wani zubin har da abin da aka ɓatar wajen buki.

To, a nan ne lamarin ya ba da ta'ajibi, domin mazhabar Imamu Malik, wadda malaman zaure na ƙasar nan suke karantarwa tun daga Risala har zuwa Mukhtasar na Shehu Khalil, ba ta ɗora wa wadda aka zalunta fansa ba. Khul'i, wanda asalinsa ƙissar matar Sabitu ɗan Ƙaisu ce, da ta mayar masa da gonar da ya ba ta sadaki aka raba su, an shar'anta shi ne domin macen da zuciyarta ta ƙi zaman ba tare da laifin miji ba. Amma wadda ake duka, ko ake zagin iyayenta, ko aka hana ta ci da tufafi, hukuncinta dabam ne: alƙali yana da ikon sakinta ko mijin bai so ba, ba ta biya ko dala, kuma bisa abin da ke cikin Tuhfatul Hukkami ta Ibnu Asim, labarin da ya yaɗu a bakin maƙwabta ya wadatar wajen tabbatar da cutar. Hasali ma, in ta riga ta biya fansa daga baya cutar ta tabbata, wajibi ne a maido mata dukiyarta, sakin kuwa yana nan daram. Haka nan matar da mijinta ya tafi biɗa Abijan ko Libiya, kamar yadda mazan Adar suka saba, ya shekara bai aiko da kome ba, tana da damar kai ƙara saboda rashin ciyarwa. Mata nawa ne a cikin garuruwan nan aka taɓa karanta wa waɗannan babobi? Tun a littafin Nurul Albabi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi tir da malaman da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci, ga shi ƙasar Ƙonni ba ta da nisa da Sakkwato.

Akwai wata ƙasa da ya dace a auna da ita, watau Filifin, wadda in aka cire fadar Paparoma ta Batikan ita kaɗai ce a duniya dokarta ba ta halatta saki ba. Matar da ake gallaza wa a can, in ba Musulma ba ce, sai dai ta nemi kotu ta ce auren tun asali bai ƙullu ba, shari'ar da kan ci shekaru da kuɗin da talaka ba ya da su. Majalisar wakilansu ta amince da daftarin halatta saki a 2018, ta sake amincewa a watan Mayu na 2024, duka biyun suka maƙale a majalisar dattawa, ga kuma adawar cocin Katolika. Musulmin ƙasar kuwa, tun dokar shugaba Markos ta 1977 aka bar musu ɗalaƙi da khul'i da fasakhi. Abin da matan Filifin ke nema a majalisa, mu muna da shi a rubuce tun ƙarnoni. A ganina laifinmu ya fi nasu nauyi.

Hukumar ƙasarmu ma ba ta fita zargi ba. Tun dokar watan Maris na 1962, wadda ta 2004 ta maye gurbinta, sha'anin aure da saki da gado an bar shi ga al'adar masu ƙara, sarakuna da masu gari su yi sulhu, in ya gagara a tafi gidan shari'a, kamar babbar kotun Ƙonni, inda alƙali ke zama da masana al'ada. Ma'anar haka ita ce, namiji kan datse igiya da furuci ɗaya a tsakar gidansa, mace kuwa sai ta nemi kuɗin mota, da shaidu, da ƙarfin halin tsayawa gaban maza. An yi yunƙurin kafa kundin dokar iyali. Daftarin 1993 ƙungiyoyin addini suka tasar masa har ya mutu, na 2011 shi ma aka janye, kuma a 2006 majalisar dokoki ta ƙi amincewa da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata. Masu adawa sun ce sun ji warin dokar Faransa a ciki, kuma ba a ce ba su da hujja ko kaɗan ba. Sai dai da suka ture wancan ba su kawo kundin Malikiyya a madadinsa ba.

Saura maganar ƴaƴa, wadda ita ce ainihin abin da ke zaunar da mata da yawa cikin azaba. Al'ada ta ba uba damar karɓe su da zarar sun ɗan tasa, galibi wajen shekara bakwai, alhali a fiƙihun Malikiyya renon ɗa namiji yana hannun uwa har ya balaga, ɗiya kuwa har ta tare a ɗakin mijinta, muddin uwar ba ta yi wani aure ba, kuma ciyar da su duk tsawon wannan lokaci yana wuyan uban.