Karen Haski: Ƙarfin Ƙafa, Raunin Ido, Da Batun Inshora

A watan Janairu na 1925 cutar mashaƙo ta ɓarke a Nom, wani gari da ke gaɓar teku a Alaska ta ƙasar Amurka, daidai lokacin da ƙanƙara ta toshe hanyar jiragen ruwa. Karnuka kimanin 150 ne suka yi karɓa-karɓa da maganin, suna jan amalanke marar ƙafa bisa dusar ƙanƙara, har suka cinye mil 674 cikin kwana biyar da rabi. Daga nan ne sunan karen Haski ya bazu a duniya.

Shi dai wannan kare asalinsa na mutanen Chukchi ne da ke arewa maso gabashin Saibiriya. Yanzu kuwa akasarinsu a gidajen Turai da Amurka suke zaune, ba ja ba ɗauka, amma cututtukan da suka gada suna nan tare da su.

Abin mamaki, ciwon ƙugu da ke addabar manyan karnuka bai cika damun Haski ba. Rauninsa a ido yake. Yanar ido, wadda aka fi sani ga tsofaffi, takan kama shi tun bai cika shekara biyu ba, kuma aikin cire ta yakan ci dubban daloli. Akwai wata cutar da ke cin bayan ƙwayar ido sannu a hankali, ta fara da dundumi ta ƙare da makanta. Ta wajen uwa ake gadonta, maza ta fi kamawa, kuma ba ta da magani. Wasunsu kuma jikinsu ba ya tsotsar sinadarin zink sosai, sai fata ta yi ɓawo a gefen ido da baki, a yi ta ba su magani muddin ransu.

To, a nan ne batun inshora ya shigo. A ƙasar Suwidin aka fara yi wa kare inshora a 1924, Ingila ta biyo a 1947, Amurka kuwa sai 1982. Mai kare yakan biya kuɗi wata-wata, kamfani kuma ya ɗauki wani kaso na kuɗin likitan dabbobi.

Amma fa kamfanonin ba sadaka suka fito yi ba. Galibinsu ba sa biyan cutar da ta bayyana kafin a sa hannu, ko cikin kwanakin jira na farko, wasu ma sukan cire cututtukan gado ɗungum daga yarjejeniyarsu. Ke nan wanda ya jira sai da ya ga fari a idon karensa ya makara, domin rahoton likita zai nuna ranar da aka fara ganinsa. Shi ya sa likitocin dabbobi ke ba mai saye shawara ya nemi takardar gwajin idon uwa da uba tun kafin ya karɓi ɗan kwikwiyo, ya kuma yi masa inshora tun idonsa garau.