Dalilin Tsayuwar Gajimare a Kan Dutse: Nazari Daga Yankin Tsafe da Kwatarkwashi

1.0 Gabatarwa

Mai bin hanyar Tsafe zuwa Gusau a tsakiyar damina, musamman da sassafe bayan ruwan dare, yakan ga gajimare ya lulluɓe kawunan duwatsun yankin, irin su Dutsen Kwatarkwashi na ƙasar Bunguɗu. Abin lura shi ne iska tana kaɗawa, amma gajimaren ba ya gusawa. Manufar wannan takarda ita ce bayyana dalilin haka, da abin da ya shafi manomi a ciki.

2.0 Samuwar Gajimare

Iskar damina daga kudu maso yamma take zuwa, watau daga Tekun Atilantika, ɗauke da tururin ruwa wanda ido ba ya gani. Idan ta ci karo da dutse, tilas ta hau. Duk hawan mita 100 kuwa yana rage mata zafi da kusan digiri 1, har ta kai matakin raɓa, inda tururin ke daskarewa a jikin ƙwayoyin ƙura ya zama ɗigo-ɗigo. Taron waɗannan ɗigogi shi ne gajimare.

Masana yanayi sun ƙiyasta cewa kowane digiri 1 na tazara tsakanin zafin iska da matakin raɓa yana ɗaga gindin gajimare da kimanin mita 125. Alal misali, idan tazarar digiri 2 ce, kamar yadda akan samu da asubahin Agusta, hawan mita 250 ya wadatar. Da hunturu kuwa, lokacin da busasshiyar iskar Sahara ke iya kai tazarar digiri 25, sai an haura mita 3,000, alhali babu dutse mai wannan tsawo a duk Nijeriya.

3.0 Tsayuwarsa da Watsewarsa

Da iska ta ƙetare ƙololuwa ta fara gangara, sai ta sake ɗumi, ɗigogin su koma tururi. Ke nan gajimaren yana haɗuwa ta gefen da iska ke fitowa, yana narkewa ta ɗaya gefen, a lokaci guda. Misalinsa kamar tozon da ruwan Gulbin Sakkwato ke yi a kan dutsen da ke ƙarƙashinsa: tozon yana nan daram, ruwan kuwa wucewa yake yi. Haka abin yake a dutsen birnin Kef Tawun na Afirka ta Kudu.

Da hantsi ya dubi ludayi, ƙasa ta ɗauki zafi, tazarar nan sai ta ƙaru, gindin gajimaren ya ɗaga sama da dutsen, a neme shi a rasa.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa irin wannan gajimare shaida ne na laima a iskar ƙasa-ƙasa kawai. Hadarin da ke zubar da ruwan shuka sai ya yi toroƙo zuwa sama kilomita da dama. Saboda haka bai kamata manomin gero ko dawa ya fitar da irinsa don ganin gajimare a kan dutse ba, sai ƙasa ta jiƙu sosai.