Shirin Musamman: Idan Ƙwai Ya Gagari Kaza

(KIƊAN BUƊE SHIRI, SANNAN A SASSAUTA)

MAI GABATARWA: Yau shirin namu akurki zai shiga. Za mu duba matsalar da kusan duk mai kiwon kaji a tsakar gida ya taɓa karo da ita: kaza ta daina ƙwai, ko tana saka shi laɓu-laɓu babu ɓawo, ko kuma ƙwan ya maƙale mata. Uwar gida, a matso kusa da rediyo, domin galibi kajin nan naki ne, kuma ke ce kan fara lura idan ɗaya ta canza.

(KIƊA KAƊAN)

Kafin a ɗauko magani, a fara tambaya: anya ciwo ne? Kazar Hausa kan saka ƙwai 10 zuwa 15, sai ta tsaya ta yi kwanci na kwana 21, sannan ta shiga renon 'yan tsaki. Duk tsawon wannan lokaci ba za ta yi ƙwai ba, kuma lafiyarta ƙalau. Haka idan tana zubar da gashi, ko tsufa ya zo mata. Zafin bazara ma yana rage ƙwai, yana sa ɓawo ya yi sirara. Wata kuwa wayo ta yi, ta koma sakawa a bayan rumbu, ko kuma maciji ko gafiya ke riga ki ɗauka. Ƙuma da ƙwarƙwata da tsutsar ciki su ma suna tsotse kaza har ta daina.

Tambaya ta biyu ta fi muhimmanci: guda ɗaya ce, ko da yawa ne? Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

Mu fara da guda ɗaya. Kazar da ƙwai ya maƙale wa ba ta ɓuya. Za ki gan ta ta takure, fukafukai a sake, wutsiya a ƙasa tana ɗagawa tana saukewa. Ta shiga wurin sakawa ta fito, ta sake komawa, tana yunƙuri ba abin da ya fito. Tafiyarta a tattale, ba ta kula tsaki, kashi ma da ƙyar. Ɗauke ta a hankali, ki shafa ƙasan cikinta dab da dubura. Idan ƙwai ne, za ki ji abu mai tauri, mulmulalle.

To, a nan ake yin ɓarna. Kada a matsa, kada a tura tsinke ko wani abu a ce za a zaƙulo shi. Idan ƙwan ya fashe a ciki, ɓawon zai yayyanke ta, gwaiduwar ta ruɓe, sai dai wata kazar.

Ga abin yi. Zuba ruwa a roba, mai ɗumi irin na wankan jariri, yadda zai rufe mata ciki. Zaunar da ita a ciki minti 15 zuwa 20, hannunki a bayanta. Da farko za ta yi fiffika, daga baya ɗumin ya ratsa ta, ki ji ta saki jiki. Fito da ita ki tsane ta da tsumma sosai, musamman a hunturu. Ki wanke hannu, ki lakato man gyaɗa ki shafa a bakin duburar. Sannan ki sa ta a kwali ko ƙarƙashin kwando, a wuri mai duhu da ɗumi, nesa da zakara da hayaniyar yara, ki ajiye mata ruwan sha da ɗan abinci da aka barbaɗa wa garin ɓawon ƙwai. Bayan awa ɗaya ko biyu a leƙa. In bai fito ba a maimaita. Idan aka wuni haka, a nemi likitan dabbobi ko malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, domin kaza a wannan hali ba kasafai take wuce kwana biyu ba.

Wani lokaci garin yunƙuri jan nama kan leƙo ta duburar. Nan take a ware ta, don 'yan uwanta da sun ga ja sai su hau tsattsaga. A wanke wurin da ruwan ɗumi, a shafa mai, a mayar a hankali da yatsa mai tsabta. Idan kuwa kika taɓa ciki kika ji ya kumbura, lugub-lugub da ruwa, wannan ya wuce aikin gida.

(KIƊA KAƊAN)

Masu sauraro, me ke jawo wannan duka? Sau da yawa abinci ne. Ƙwai guda yana ɗaukar awa 24 zuwa 26 kafin ya haɗu, kuma wajen awa 20 daga ciki a ginin ɓawo suke tafiya, mafi yawa cikin dare. Kowane ɓawo na cin kusan giram 2 na sinadarin kalsiyam. Gero da dawa da masara da dusa kuwa kalsiyam ɗinsu kaɗan ne ƙwarai. Kazar da ke yawo tana tone-tone tana cike giɓin da ƙwari da gara da ganye. Amma wadda aka kulle a keji, musamman ta gidan gona da aka halitta wa saka ƙwai kusan kullum, idan dusa kawai ake ba ta, daga ƙashin jikinta za ta riƙa zara. Daga nan ɓawo ya yi laushi, ƙafa ta yi rauni, mahaifar ma ta rasa ƙarfin turo ƙwai.

Maganin yana cikin kwandon shararki. Tara ɓawon ƙwai, ki wanke, ki ɗan gasa a kasko, ki daka shi lilis don kada su gane su koyi fasa ƙwansu. Akwai kuma garin ƙashi a shagunan abincin kaji, da abincin masu ƙwai da aka riga aka haɗa. A bar su su sha hantsi, domin rana ce ke taimaka wa jiki ya amfana da kalsiyam. Ruwa kada ya yanke. Kada kuma a shaƙe kaza da abinci har kitse ya toshe ta, don mai ƙiba da sagarar da ta fara ƙwai da wuri su ne ƙwai ya fi maƙale wa.

Yanzu sai tambayar da muka ajiye. Idan kaji da yawa ne suka daina ƙwai lokaci guda, ga zawo kore, ga numfashi da ƙyar, wata wuyanta ya murɗe, to ba maƙalewar ƙwai ba ce. Alamun cutar Niyukasil ke nan, wadda ke share akurki musamman a hunturu. Ba ta da magani, sai rigakafi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin rigakafinta, har da nau'in I-2 mai jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu. Idan kuma mutuwa ce ta farat ɗaya, a tuna da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a 2006 a Jihar Kaduna, kuma tana iya kama mutum. A sanar da ofishin dabbobi. Irin waɗannan kaji ba a yi musu saurin wuƙa don a ci, ba a kuma ruga da su kasuwa, don cutar ake kai wa maƙwabta. Waɗanda suka mutu a binne su da zurfi.

Sai kafso ɗin nan ja da rawaya da ake farkewa a zuba a kaskon ruwa. Ba ya fito da ƙwan da ya maƙale, ba ya kashe Niyukasil, kuma yana sauka cikin ƙwan da yaranki za su ci. Idan likita ne ya rubuta magani, ki tambaye shi kwana nawa za a jira kafin a ci ƙwai ko nama.

Hausawa sun ce ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, amma fa sai an kula da ta akurkin ake samun na bakan. Saboda haka daga yau a daina zubar da ɓawon ƙwai, kuma kafin hunturu ya kama, ku haɗa kai da maƙwabta ku kira malamin dabbobi ya yi wa kajin unguwa rigakafi rana guda, don kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya.

A nan za mu dasa aya. Sai wani makon idan Allah ya kai mu. A huta lafiya.

(KIƊAN RUFE SHIRI)